Baba yana gane magana idan an haɗa da hannu: mai gashi zan biya ko mai koyar da magana?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki na dama a watan jiya, yanzu an sallamo mu yana gida. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, idan na ce "Baba, miƙo hannunka" sai ya tsaya yana kallona, amma idan na faɗa ina miƙa nawa hannun, nan take yake ɗago na hagu. Ba ya iya cewa a ba shi ruwa, amma idan aka zaunar da shi salla ya ɗaga hannu ya yi kabbara, Fatiha tana fitowa kusan daidai. Kuɗin da muka haɗa da ƙannena ba zai ɗauki abu biyu ba, ko dai mai gashi, wato mai motsa gaɓoɓin maras lafiya, ya riƙa zuwa gida, ko mu nemi mai koyar da magana. Shin motsa hannun zai dawo da maganar, ko kowanne da hanyarsa?

Mai Shago a Gawon Nama:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Ku riƙa shafa masa man zaitun safe da yamma, ku rage gishiri, sannan kada a bar shi ya yi wanka da ruwan sanyi.

Hajiyar Arkilla:
Ɗana, ni na yi jinyar irin wannan har Allah ya karɓi maigidana. Mun ɗauki wani mai gashi yana zuwa gida a kan naira dubu goma sha biyar kowane zuwa, yana lanƙwasa hannu yana miƙewa yana amsa waya, bai taɓa ce wa maras lafiyar kanzil ba. Wannan ma bai ƙona mini rai ba kamar abin da dangi suka yi. Da suka ga ba ya magana sai suka ɗauka hankalin ma ya tafi, suka zauna a bakin gadonsa suna shawarar wanda zai riƙe shagonsa na kasuwa. Ina kallo yatsun hannunsa na hagu suka damƙe zanen gado, hawaye yana gangarowa ta gefen kunnensa. Da suka fita na riƙe hannun na ce idan ya ji abin da suka faɗa ya matsa, ya matsa har sai da zobena ya shiga nama. Har ya rasu bai sake yarda ya haɗa ido da ƙaninsa ba.

Bawan Allah:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Hajiya, Allah ya jiƙansa. Amma an cuce ki a kuɗin, domin mu dubu biyar muke biya a Runjin Sambo.

Direban Illela:
Dubu biyar ɗin wace shekara ce? Surukina dubu takwas yake biya. A asibitin gwamnati bai kai haka ba, sai dai kuɗin Keke Napep zuwa da dawowa ya cinye sauƙin.

Ɗalibar Likitanci:
Yaya Ɗan Mabera, abin da ka gani sananne ne. Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke sarrafa ɓarin dama na jiki, kuma a yawancin mutane a nan cibiyoyin magana suke, shi ya sa ciwo ɗaya kan taɓa su tare. Tun 1861 wani likita a Faransa, Paul Broca, ya nuna wurin da ke da hannu a furta magana, kuma yana maƙwabtaka da wuraren da ke motsa baki da fuska da hannu. A 2004 masu bincike a Cambridge ta Ingila sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutanen da ke karanta kalmomin aikin ƙafa da na hannu da na harshe, suka ga wuraren motsa waɗannan gaɓoɓi suna aiki alhali mutanen suna kwance shiru. Amma maƙwabtaka ba ta nufin gashi kaɗai zai dawo da magana. Fatiha kuwa tana cikin abin da baki ya haddace, irinsa yakan tsira ko da sabuwar jimla ta gagara. Ni da zan zaɓa, zan biya gashin tun da wuri kafin hannun ya ƙage, in nemi ganin mai koyar da magana ko sau ɗaya ne ya tsara mana abin da za mu riƙa yi. A gida kuma ku haɗa gajeruwar kalma da aikinta, ku ce "ɗauki" yana ɗaukar kofi, ku ce "sha" yana kurɓa, ku ba shi lokaci ya amsa.

Mai Shago a Gawon Nama:
Malama, ke karatu kike yi, ba ki fara duba marasa lafiya ba. Hajiya ita ta kwana da mai ciwon, maganarta ta fi nauyi.

Malamin Firamare:
Ai ba su saɓa ba, Alhaji. A aji muna ganin yaron da ya tashi ya aikata abin da aka faɗa ya fi riƙe kalmar a kan wanda ya maimaita da baki kawai.

Direban Illela:
To a binciko mini dalilin da 'ya'yana suke jin "ku ɗebo ruwa" ƙafarsu ba ta motsawa, amma "ga tuwo" kafin a rufe baki sun iso.

Hajiyar Arkilla:
Ban zo gardama ba. Ni dai ku gargaɗi masu zuwa dubiya kada su faɗi abin da ba za su faɗa ba da yana da lafiya.

Bawan Allah:
Asalin matsalar ma hawan jini ne. Maganin da nake saya wa mahaifiyata ya ninka kuɗi, kuma kowane kemis da farashinsa, shi ya sa tsofaffi suke shan ƙwaya yau su tsallake gobe har ciwon ya kayar da su. Akwai wanda ya san inda ake samunsa da sauƙi a cikin gari?