Abin rufe ido mai sa a gane mafarki ake yi: in saya ko in haƙura?

Direban Kano-Zariya: Salamu alaikum jama'a. Tun hatsarin da muka yi da damina mafarki ɗaya ke dawo mini: mota na gangarawa, ina taka birki ba ya ci. Rannan a tsakiyar mafarkin sai na lura sitiyari yana dama, alhali tawa na hagu ne. Nan take na ce a raina, ai wannan mafarki ne. Tsoro ya tafi, na buɗe ƙofa na sauka abina. Ban sake samun haka ba. Yanzu wani a Instagram yana tallar abin rufe ido mai 'yar fitila, wai tana ƙiftawa cikin barci sai ka ankara. Dubu 45 ya ce. In saya, ko ana koyo ba kuɗi? Azkar ɗin barci ba na wasa da su, ƙwaya kuma ba na so.

Uwar Biyu: Ɗan'uwa ka riƙa karanta Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi kafin ka kwanta. In ka yi mummuna ka yi tofi hagu sau uku, ka juya kwanciya.

Direban Kano-Zariya: Hajiya ai na ce ina yi.

Mai Kemis: Akwai ƙwaya, galantamin sunanta. Ka yi mini magana ta gefe.

Ɗalibar Likitanci: Haba malam, maganin masu cutar mantuwa ta tsufa ne fa, kuma ya ce ba ya son ƙwaya. Yaya direba, abin da ya same ka sananne ne. A 1975 Keith Hearne na Jami'ar Hull a Ingila ya sa wani mutum ya juya idonsa hagu da dama daga cikin mafarki, na'ura ta ɗauka yana tsakiyar barci. Daga baya Stephen LaBerge ya yi irinsa a Stanford ta Amurka. An fi yin mafarki a barcin da ido ke motsi, wanda ke ƙara tsawo wajen asuba. Ka riƙa rubuta mafarkinka da zarar ka farka. Da rana ka saba toshe hanci ka ja numfashi. Ranar da ka yi haka a mafarki iska za ta shiga, sai ka gane. In ka farka bayan awa biyar, ka koma barci kana nanata niyyar ganewa.

Na Ga Ta Kaina: Wannan tashin tsakar daren shi ya kusa kashe mini aure. Na sayi abin idon nan dubu 28, fitilar ba ta taɓa shiga mafarkina ba, tashina kawai take yi. Na ƙara da sa ƙararrawar waya. Wani dare ina komawa sai dannau: ido biyu, ina jin fanka, amma ko yatsa na kasa ɗagawa, ga wani abu baƙi a bakin ƙofa, ƙirji kamar an ɗora buhun siminti. Da na samu baki na kurma ihu. Matata ta ga abu na walƙiya a fuskata, ta kira gidansu wai na shiga ƙungiyar asiri. Surukina ya tasa ni gaba sai wurin mai ruƙiyya, can ma kuɗi suka tafi. Har yau in na yi minshari sai ta kunna tocila ta duba ni.

Ɗan Kwari: Dubu 28? An yanke ka. Dubu 12 na gan shi.

Mai Kemis: Na dubu 12 ai na rufe ido ne zalla, ba fitila. Na gaskiya ya haura dubu 100 kafin kuɗin kawowa.

Ɗalibar Likitanci: Dannau ba aljani ba ne yallaɓai. Jiki kan saki a lokacin mafarki don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani, kai kuma ƙwaƙwalwarka ta riga jikin farkawa.

Na Ga Ta Kaina: 'Yar nan, ke a littafi kika karanta, ni a kaina ya zauna.

Almajirin Zaure: Hadisi ya kasa mafarki uku: na gari daga Allah, na tsoratarwar Shaiɗan, da zancen zuci. A tambayi malamai kafin a tambayi Bature.

Ɗalibar Likitanci: Allah gafarta malam, wanda mafarkin hatsarin mota ke dawo masa ai har likitan ƙwaƙwalwa ya kamata ya gani.

Gwauron Unguwa: Ni ranar da na gane mafarki nake, wurin mai tsire na nufa na ce a naɗe na dubu 20 bashi. Ina kai loma ladan ya kira salla.

Uwar Biyu: Gara da ba ka ci ba, ci a mafarki sammu ne.

Ɗan Kwari: Ku da kuke samun barcin awa biyar ma. Mu wuta sai ta ga dama, ga zafi ga sauro, ga janaretan maƙwabci a jikin tagata har ƙarfe uku.

Na Ga Ta Kaina: Ka kai ƙara wurin mai unguwa mana.

Ɗan Kwari: Janaretan na ƙanin mai unguwar ne.

Mai Kemis: Akwai auduga ta toshe kunne, guda biyu ɗari biyar.