Wai ciwon daji ƙaruwa yake a Najeriya ko yanzu ne ake gano shi?

Maman Hanif:
Salam 'yan uwa. Dan Allah wani abu ke damuna, a layinmu kaɗai cikin shekara biyu mata uku ciwon daji ya ɗauke, biyu na mama ɗaya na bakin mahaifa, kuma da muna yara ni dai ban san ana jin sunan cutar nan haka ba. Ƙaruwa take yi ne ko da ma tana nan ba a sani ba? Wasu sun ce wai abincin gwangwani ne.

Abu Sadik:
Allah ya jiƙansu Maman Hanif. Duka biyun ne. Ƙiyasin hukumar lafiya ta duniya na 2022 ya ce kusan mutum 128,000 suka kamu a Najeriya a shekarar, kusan 80,000 suka rasu, sankarar mama ce kan gaba. Amma fa ƙiyasi ne, wanda ya mutu a ƙauye aka binne shi kafin la'asar wa ya rubuta shi? Da can sai a ce jifa ne ko sammu, shikenan. Ga yawanmu ya ƙaru, masu kai shekarun tsufa ma sun ƙaru.

Anti Nas:
Ni ba yawan kamuwar ne ke tada min hankali ba, yawan mutuwar ne. A Amurka tun daga 1991 mace-macen ciwon daji sun ragu da wajen kashi ɗaya cikin uku, sun rage shan taba kuma suna ganowa da wuri. Mu nan mace za ta ji ƙullutu kamar gyaɗa a mamanta ta yi shiru wata takwas ana shafe-shafe ana hayaƙi saboda an ce mata wai daji ba ya son allura, sai ya fashe yana wari sannan a kawo ta a mayafi tana ɓoyewa, wallahi lokacin ko an tura ta asibitin Shika ko na Sakkwato a yi mata gashin daji sai dai a rage mata zafi, ga kuɗin kuma ba a magana.

Ɗan Fadama:
Anti ki ƙara da na maza. Ciwon hanta na B yana iya jawo dajin hanta, gyaɗa da masara masu fumfuna ma haka. Sannan tsargiyar nan da yara ke ɗebowa a wankan rafi ana raina ta, in ta daɗe tana jawo dajin mafitsara.

Anti Nas:
Haka ne ƙanina. Maman Hanif in kina da 'ya mace daga shekara 9 zuwa 14, tun Oktoban 2023 gwamnati ta fara rigakafin ƙwayar cutar HPV kyauta, allura ɗaya ce, tana kare sankarar bakin mahaifa.

Maman Hanif:
Ina da mai 11 kuwa. An zo makarantarsu babanta ya hana wai ta hana haihuwa ce. Bari ya dawo kasuwa in nuna masa wannan, ko a asibitin sha-ka-tafi na unguwa ma ana samu ko Anti?