Ina za a kai iyali su sha sanyin dutse, ban da Jos?

Baban Nana, Kano:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka yawata. Shagon atamfa gare ni a Kwari, shekara tara ke nan rabona da rufe shi kwana uku a jere in ba da sallah ba. Bana na yi wa uwargida alkawarin zan fita da ita da yara mu sha iska idan an ba su hutun Disamba. Jos mun je sau biyu wajen ƙanwarta, Yankari kuwa makarantar yaran ta riga ni kai su. Wuri nake so mai tsaunuka da sanyi, ba hayaniya, wanda in na dawo ina ba da labari a kasuwa ba za a ce min "ai mun sani" ba. Wani direba mai kawo mana kaya ya ce dutsen Mambila na jihar Taraba, amma da na matsa masa da tambaya sai na gane shi ma a Bali ya tsaya, bai hau ba. Motata tsohuwar Corolla ce amma lafiyarta ƙalau. Yara uku ne, autar shekararta huɗu, kwana shida nake da su. Wanda ya taɓa zuwa don Allah ya gaya min gaskiya, hotunan Facebook na gani har na gaji.

Mai Maganin Shanu, Jalingo:

Wa alaikumus salam Alhaji. Direban naku bai yi ƙarya ba, ƙarasawa ce bai yi ba. Ni shekara goma sha ɗaya ina hawa da sauka a dutsen nan, ina kai wa Fulani maganin dabbobi, sai da gwiwa ta fara yi min gardama na bar wa yarona. Bari in fara da abin da ba za ka so ji ba: cikin kwana shidan nan naka, huɗu na hanya ne. Ranar farko ka bi Gombe, Kaltungo, Numan, ka kwana a nan Jalingo. Washegari ana idar da asuba ka kama hanyar Garba Chede, Bali, Serti, har Mayo Selbe. Daga nan hawa ya fara.

Hawan ana ce masa Biyu da Sisi. Tsofaffi sun ce ladan 'yan dako ke nan a zamanin Turawa, sule biyu da sisi, su ɗauki kaya a ka su kai sama. Duk wanda ya hau shi ko a mota zai san an ci guminsu. Hanya ce ta naɗe dutse kamar rawani, gefe guda bango, gefe guda ramin da ba ka son leƙawa, kunnenka na toshewa yana buɗewa.

Zuwana na farko da 'yar shadda mara nauyi na tafi, don a Serti gumi nake sharcewa. Muka isa Maisamari ana kiran magariba, gajimare ya sauko ya zauna a tsakiyar gari, fitilar mota ba ta nuna komai sai fari. Na ɗauki buta zan yi alwala, da ruwan ya taɓa hannuna na ɗauka reza ce. Wani mai shayi da ke kallona ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce "Malam baƙo ne ko?" Ya zuba min ruwan ɗumi daga tukunyarsa, ya nuna min mai gwanjo a tsallaken titi. Na zaɓi wata kwat mai kauri, na yi sati ina taƙama da ita a rugage. Sai da na dawo gida matata ta duba maɓallan ta ce min ai ta mata ce. Har yau tana nan a akwati, kwat ɗin nake nufi.

Idan ka kai sama kada ka sa ran duwatsu masu hawan juna irin na Jos. Tudu ne bayan tudu, lulluɓe da ciyawa, kamar an kifa ƙoruka an jera har iyakar ganinka. Jajayen shanu masu dogon ƙaho a warwatse a kai, layin bishiyar turare ya zagaye kowane ƙauye, ƙorama a kowane kwari. Tsayin wurin wajen mita 1,600 ne, ƙudan tsando ba ya zama a can, shi ya sa shanu suka yi yawa haka, shi ya sa ni ma na samu abin ci.

Inda zan kai iyali in ni ne, na farko gonar shayi ta Kakara, ba nisa da Nguroje. A can ake noman ganyen Highland Tea. Ku je da sassafe lokacin masu tsinka suna shiga da kwanduna a baya, ganyen a daidaice kamar wanzami ne ya bi ta kansa. Yara za su sha mamaki su ga abin da suke sha da burodi ashe ɗan itace ne da bai wuce ƙugu ba. Sai dajin Ngel Nyaki kusa da ƙauyen Yelwa, tsakanin Maisamari da Nguroje. Kana tafe a fili fetal sai ka ga kurmi ya cika gangare, duhu da sanyi da kukan tsuntsaye. Akwai birai iri-iri har da cimfanzi, amma kada ka yi wa yara alkawarin ganinsa, ni duk zaryata sheƙarsa kawai aka taɓa nuna min a kan bishiya. Masu bincike na zama a wurin, har da na wata jami'a ta New Zealand, don haka da izini da ɗan rakiya ake shiga. Gembu kuwa ita ce hedikwatar ƙaramar hukumar Sardauna, nan za ka fi samun masauki, daga gefen gari kana hango kogin Donga a ƙasa.

Chappal Waddi ka cire shi a lissafi. Shi ne tsauni mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419, yana cikin gandun Gashaka Gumti a bakin iyakar Kamaru, amma tafiyar kwanaki ce a ƙafa da 'yan dako. Ba da yarinya 'yar shekara huɗu ba.

To yanzu maganar da ta fi duka. Disamba ba lokacinsa ba ne. Sanyi kam za ka sha har ka ƙoshi, amma ciyawa ta bushe, an fara sa mata wuta, hazon hunturu ya rufe nesa. Ka sha wannan doguwar hanya ka tarar da tudu baƙi ƙirin da toka, ai an yi ba a yi ba. Ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, ruwa ya ɗauke, ƙasa na nan kore shar, sama ta wanku. Hotunan da ka gaji da gani duk na wannan lokacin ne ko na damina.

Corolla za ta kai ka Gembu in ka lallaɓa ta. Amma da ka sauka daga kwalta sai tsofaffin Land Rover na can, waɗanda wasunsu sun girme ni, ko babur. Ka riƙe kuɗi a hannu, ka cika tanki tun daga ƙasa, kada dare ya same ka a hanya. Kafin ka bar Jalingo ka shiga tasha ka tambayi direbobin Gembu yadda hanya ta kwana, su suka fi kowa sani. A sama kuma in aka fara hirar fili tsakanin manoma da makiyaya, kai dai baƙo ne, sha shayinka. Rikicin 2017 bai gama fita zukatan mutane ba. Wutar lantarki ma kada ka dogara da ita, duk da madatsar ruwan nan da muke ji a rediyo za a gina tun gashina yana baƙi.

Maman Sadiq, Yola:

Yaya Mai Magani ya gama magana, sai dai shi namiji ne, shi kaɗai yake tafiyarsa. Ni maigidana ya yi aiki shekara biyu a Gembu, da goyo na hau dutsen nan. Baban Nana ka gaya wa uwargida: kada a cika wa yara ciki kafin Mayo Selbe, a tanadi leda da lemon tsami, kwanonin hanyar nan ba yaron da ba sa juya wa ciki. Safa da hular sanyi kowa biyu-biyu. Wanki in kin shanya a can sai ki yi ta haƙuri, don haka a ɗebo kaya da yawa.

Abinci kuwa ba za ku yi kewar gida ba. Piya da ayaba kamar a ba ka kyauta, ga gwaza, ga dankalin Turawa, ga nono mai kauri. Ku nemi tuwon masara da miyar kumbi. Za ku ga girkinsu da wasu al'adu sun fi kama da na mutanen Kamaru, ba abin mamaki ba ne, sai a 1961 aka jefa ƙuri'a yankin ya zaɓi zama a Najeriya. Hausa za ta fisshe ku a kasuwa, amma Fulatanci ya fi tafiya. Ko "jam na" da "useko" kuka riƙe, za ku ga fara'a ta ƙaru.

Ni dai da za a bi tawa, a bar autar a gida.

Ɗan Azbin, Agadas:

Salamu alaikum mutanen Najeriya. Kullum in ana zancen dutse sai ku manta da mu nan arewa da ku, alhali Gobirawa ma daga Azbin tarihi ya ce suka gangaro. Alhaji, in Allah ya kawo lokaci, ka zo ka ga Timiya. Kilomita ɗari biyu da wani abu ce daga Agadas, amma wuni ake yi, don hanyar duwatsu ce da rairayin kwari. Kana ta tafiya cikin baƙin dutse, ba ko ɗan tsiro, har ka fara tunanin an ɓata, sai kawai ga garake a gabanka: lemo, rumman, inabi, dabino, duk a tsakiyar Sahara. Kusa da garin akwai inda ruwa ke zubowa daga dutse ya taru a tafki, sanyinsa har cikin haƙori. A kan tudu kuma ga tsohon barikin da Faransawa suka gina yana kallon gari. Mai ƙarfin ƙafa sai ya hau Bagazam, inda ƙololuwar Nijar take, mita 2,022, akwai ƙauyuka da garake a can sama, jakuna ke kai musu kaya.

Mu namu lokacin Disambar ce ma daidai, lemo ya nuna, rana ba ta da zafi. Amma ba zan ruɗe ka ba. Corolla ba ta zuwa, sai babbar mota mai jan ƙafa huɗu da direba ɗan ƙasa, kuma sai ka ji ta bakin hukuma a Agadas kan maganar tsaro da rakiya kafin ka fita gari. Kwana shida daga Kano da yara, a'a. Ka ajiye sunan dai a aljihu.

Malamin Firamare, Michika:

Ba wanda ya ambaci Sukur, abin ya ba ni haushi kaɗan. Tana cikin Madagali a tsaunukan Mandara, ita ce wuri na farko a Najeriya da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya, tun 1999. Ba kallon ciyawa da shanu za ka je yi ba, aikin hannun mutane za ka gani: hanyar da aka shimfiɗe da duwatsu tun daga gindin dutse har fadar sarkinsu da ake kira Hidi, gonaki hawa-hawa da aka tokare da katangar dutse, da wuraren da kakanninsu suka narka tama. Na kai ɗalibai sau biyu kafin a shiga tashin hankali, muna haki tsofaffin mata na wuce mu da kaya a kai.

Sai dai gaskiya ɗaya ce. 'Yan Boko Haram sun hau sun yi ɓarna a 2014, kuma yankin Madagali har yanzu ba inda zan ce wa baƙo ya kwaso mata da yara ba ne sai ya samu ɗan gari da zai tsaya masa. Na faɗa ne don a san akwai ta.

Baban Nana, Kano:

Kai jama'a na gode, Allah ya saka da alheri. Jiya da dare na karanta wa uwargida duka, ta yi ta dariyar kwat ɗin Malam. Mun yanke shawara: mu biyu za mu tafi a farkon Nuwamba, yara su zauna wajen Hajiyata tunda suna makaranta, Disamba in kai su Tiga su ga ruwa a rufe bakinsu. Na ƙara kwana biyu, ƙanena zai riƙe shago. Timiya da Sukur na rubuta a bayan littafin bashi, inda ba na mantuwa. Saura tambaya ɗaya Malam Mai Magani, motar tawa otomatik ce, akwai matsala wajen hawa?

Mai Maganin Shanu, Jalingo:

Hawa ba ya kashe mota Alhaji, in dai ruwan lagireto ya cika kuma fanka na aiki. Saukowa ce abin tsoro. Ka mayar da giya ƙasa, L ko 2, inji ya riƙe ta, kada ka ɗora ƙafa a birki tun daga Maisamari har ƙasa. In ka ji ƙauri ka nemi fili ka tsaya ya huce da kansa, kada ka zuba masa ruwa. Ka sa bakanike ya canza maka takalmin birki tun a Kano. In kun iso Jalingo ka yi min magana ta akwatin saƙo, zan haɗa ka da yarona, duk sati biyu yake hawa. Kwat kuma in uwargida na so akwai ta aro, dama tata ce.