Wai da gaske jemage ne ke sa kuka ta yi 'ya'ya?

Manomin Gaya:
Salamu alaikum jama'a. Akwai tsohuwar kuka a bayan gidanmu, tun kakanmu take. Duk farkon damina idan ta yi fure, jemagu ba sa barinmu barci, ga kashinsu a kan shanyar uwargida. Jiya na ce wa yara su ɗauko danƙo, sai babban ɗana da ke sakandare ya ce, "Baba, in ka kore su ba za mu sha kunun kuka ba bana." Na yi masa dariya, amma abin ya tsaya mini a rai. Ba zuma ce ke wannan aikin ba?

Malamin Gona:
Wa alaikumus salam. Yaron nan ya fi ka gaskiya, Alhaji. Yau da magariba ka tsaya ƙarƙashinta ka gani. Furen kuka fari ne, yana reto ƙasa a kan dogon sanda, kuma sai rana ta faɗi yake buɗewa, lokacin zuma ta koma amya. Warinsa ma ba daɗi, tsami-tsami, amma shi ke kiran jemage. Zai zo ya maƙale, ya cusa kai yana lasar ruwan zaƙin, garin furen ya manne masa a gashi, ya tashi ya kai wa wata kukar. Kafin kwana ɗaya furen ya yi ja-ja ya yanƙwane. Dare ɗaya ke nan gare shi. Rimi ma haka yake.

Uwar Daddawa:
Malam, ka manta ɗorawa! Cikin rani, jajayen furanninta masu kama da ƙwallo, da daddare sai ka ji bishiyar tana ta motsi. Mu da kalwa ce jarinmu ba ma faɗa da jemage. Uwargida ta riƙa kwashe shanya kafin magariba, shi ke nan.

Malamin Gona:
Haka ne, Hajiya. Tun 1957 masana suka rubuta wannan a kan ɗorawa a Ghana. A Afirka ta Kudu kuwa ɓeraye ne ke yi wa furannin wasu tsirrai da ake kira protea wannan aikin: furen yana ɓoye dab da ƙasa, yana ƙamshin yis, ɓera ya fito hancinsa duk gari.

Manomin Gaya:
Ɓera kuma? To shi kam rumbuna ba zai yafe masa ba. Danƙon dai na karɓe, yana aljihuna.