Wane irin bidiyo zan riƙa yi a tashar motoci ta Hausa?

Ɗan Zoo Road ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina shirin buɗe tasha a YouTube da TikTok da za ta riƙa maganar motoci zalla, da Hausa. Waɗanda nake son su kalla su ne masu son mota tsakani da Allah, da matasan da ke sha'awar tsere da wasan mota. Kayan aikina waya ɗaya ce, da ƙafar kyamara, da Corolla 2008, sai BMW E36 ta wani abokina da ya yarda a yi aiki da ita. Yawancin abin da nake gani ko dai an kwaso bidiyon Lamborghini an ɗora murya a kai, ko yara suna juya mota a titi ranar biki. Ba na son ko ɗaya. Masana don Allah ku taimaka: da me zan fara, kuma yaya zan ɗauka?

Oga Panteka ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ba sai ka yi nisa ba. Ka zauna a kowane gareji na awa biyu ka saurari gardamar da ake yi, kowace gardama bidiyo ce. Bambancinka da masu gardamar shi ne kai za ka auna a gaban kyamara, kowa ya gani da idonsa.

Fara da tamostat, wato bawul ɗin da ke tsare ruwan sanyaya inji har sai injin ya yi zafi. Makanikai da yawa suna cire shi, su haɗa fanka kai tsaye, wai an yi shi ne don ƙasashen sanyi. Ka samo tamostat na Corolla, ka rataye shi da wayar ƙarfe a cikin tukunyar ruwa kan risho, ka tsoma ma'aunin zafi a gefensa. Kyamara ta matso sosai. Wajen digiri 82 za ka ga bakinsa ya fara buɗewa a hankali; ka sauke tukunyar, ruwa na hucewa yana rufewa. Wannan kaɗai ya nuna aikinsa. Sannan ka koma mota. Sayi ƙaramar na'urar OBD2, wato mai karanta bayanan injin mota, irin ELM327, ka cusa ta a soket mai rami 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, ka haɗa ta da waya. Da safe ka ta da injin yana sanyi, ka ƙirga mintunan da zai ɗauka kafin ruwa ya kai digiri 85 zuwa 90. Washegari ka maimaita ba tamostat. Za ka ga injin ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, kuma muddin yana sanyi, kwakwalwar mota tana ƙara fetur. Rarar fetur ɗin tana wanke baƙin man da ke jikin silinda, ta gangara ta tsinka shi, ring ya cinye kafin lokacinsa. Ga dalili, ga hujja.

Na biyu, taya. Masu faci da yawa suna dura iska har geji ya nuna PSI 45 ko 50, alhali takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba ta ce wajen 30 zuwa 33 a yawancin ƙananan motoci. Ka nuna takardar, ka nuna tsohuwar tayar da tsakiyarta ya cinye gefenta na nan da zane. Ka koya wa mutane karanta shekarun taya: lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT, idan aka ga 2319, mako na 23 ke nan a shekarar 2019. Masu sayen tayar Beljiyam za su yi ta tura wa juna wannan.

Na uku, shan mai, tunda tun da aka cire tallafi a 2023 ba abin da ke damun mai mota kamarsa. Cika tanki har bindigar famfo ta tsaya da kanta, yi tafiyar kilomita 100, dawo famfo ɗaya ka sake cikawa. Litar da ta shiga ita ce amsar. Yi ɗaya da AC, ɗaya ba AC, hanya ɗaya, gudu ɗaya, lokaci ɗaya na yini. Idan ka sauya abu biyu a gwaji guda, ka ɓata shi, domin ba za a san wanne ya kawo bambancin ba.

Haka za ka yi jerin bidiyo kan duba tokumbo kafin a biya kuɗi. A kwance fulogi duka, a ɗaura gejin matsin silinda, a take totur har ƙasa a murza mabuɗi. Silinda huɗun kada su bambanta da fiye da kashi 10 cikin ɗari. Ka bayyana lambobin da na'ura ke fitarwa: P0300 injin yana tsallake wuta, P0171 iska ta rinjayi fetur, P0420 yawanci indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa, ya mutu ko an farke shi an sace cikinsa. Shawara ɗaya: idan ka samu aikin da aka ɓata, nuna aikin, kada ka kama sunan gareji.

Mai Kyamara ya amsa:

Abin da Oga ya kawo ya ishe ka wata shida. Ni zan taɓa ɗaukar kanta, domin nan ne sababbin shiga suke faɗuwa.

Sauti ya fi hoto. Mai son mota zai haƙura da hoto maras kyau, amma ba zai haƙura da iska tana buga makirfo ba. Sayi makirfon maƙalawa a riga guda biyu masu hular gashi. Ɗaya a ƙirjinka. Ɗayan ka manna shi da tef a bayan mota kusa da lamba, kamar taƙi biyu daga bakin salansa, a gefe, ba inda hayaƙi ke fitowa ba, don zafi yana narka shi. Bayan mota ya fi domin jikinta yana tare iska. Kafin a tashi, a taka totur sau biyu ka duba ma'aunin sauti. Idan yana taɓa ja, rage shi, sautin da ya fashe ba ya gyaruwa. Ka tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara, da wannan tafin za ka daidaita sauti da hoto wajen tacewa. Kuma kashe rediyon motar. Waƙar da ta shigo ta bayan fage tana iya sa YouTube ya miƙa kuɗin bidiyon ga mai waƙar.

Hoto: 1080p ya wadatar, 4K zai cinye maka wuri da data kawai. Magana a firam 30 (hotuna 30 a daƙiƙa), abin da ke gudu a 60, sai 120 idan kana son nuna taya tana tirje a hankali. Kulle haske da saiti kafin ka fara, in ba haka ba duk lokacin da kuka shiga inuwar bishiya hoton zai yi ta tsalle. Mafi kyawun lokaci shi ne daga fitowar rana zuwa ƙarfe tara, ko bayan la'asar. Da tsakar rana a watan Afrilu waya kan gilashin gaba ba ta daɗewa za ta yi zafi ta daina ɗauka. Lokacin hunturu kuma ka riƙa goge idon kyamara kafin kowace ɗauka.

Kada ka ɗaura wayarka a jikin mota ta waje. Girgiza tana lalata abin da ke daidaita hoto a cikin kyamarar. Apple ma ya yi gargaɗi a 2021 kan ɗaura iPhone a manyan babura saboda haka. Nemi ƙaramar kyamarar GoPro ko ta hannu ce, da mariƙi mai tsotso. Wanke wurin, busar da shi, manna a ƙarfe mai santsi ba roba ba, sannan ka ƙara igiya ka ɗaure ta a cikin mota. Ƙura ko kaɗan ce a ƙarƙashin tsotson, zai saki. Jirgi maras matuƙi kuwa ka bar shi tukuna, yana buƙatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, kuma jami'an tsaro ba sa wasa da shi. Lambar motar mutane da fuskokinsu ka dusashe su a manhajar tace bidiyo ta CapCut.

E36_Abuja ya amsa:

Malam Ɗan Zoo Road, na ji daɗi da ka ce ba ka son na titi. Mutane sun rasa rayukansu a wasan mota na biki, kuma galibi 'yan kallo ne. Iyakar gudun ƙaramar mota a dokar FRSC kilomita 100 ne a awa a babbar hanya mai tagwaye, 50 a cikin gari. Duk bidiyon da ya nuna allurarka ta wuce haka a titin jama'a shaida ce a kanka, kuma YouTube na iya rufe shi ga yara ko ya sauke shi gaba ɗaya. Nemi fili rufaffe, da izinin mai shi a rubuce.

Na saɓa wa Oga a abu ɗaya: gwaje-gwajen gareji kaɗai ba za su riƙe matasa masu son tsere ba. Su suna son agogo. Ka ba su agogo ba tare da mugun gudu ba. Jera robobin hanya guda bakwai a layi, mita 18 tsakanin kowanne, direba ya ratsa su zikzak ya juyo ya dawo. Duk robar da ya buge, a ƙara masa daƙiƙa biyu. Da wuya a wuce kilomita 60, giya ta biyu ta isa, amma nan take za a gane wanda ya iya sitiyari. Mota ɗaya, direbobi biyar: ɗan tasha, malamin koyar da tuƙi, makanike, mace mai tuƙi kullum, da wanda ya saba tsere a kwamfuta. Rubuta lokutansu a allo, kowane mako ka ƙara suna. Wannan allon shi zai riƙa dawo da mutane.

Gwajin birki ma yana da daɗin kallo. Ja layi da fenti, a taka birki a kai daga kilomita 40, a auna da tef. A maimaita daga 80. Tazarar ba ninki biyu za ta yi ba, kusan ninki huɗu za ta yi. Idan kuma za ka auna daƙiƙun da mota ke ɗauka daga tsaye zuwa gudun kilomita 100, GPS na waya sau ɗaya yake karantawa a daƙiƙa, bai isa ba. Na'ura irin Dragy tana karanta sau 10 ko fiye. A yi tafi da dawowa, a haɗa lokutan a raba biyu, saboda gangara da iska.

Maganar E36 kuwa, gyaranta kanta shiri ne mai kashi goma. Kafin ta juya ko sau ɗaya: sauya famfon ruwa idan mai farfelar roba ne, domin farfelar tana tsagewa injin ya tafasa ba gargaɗi. Duba wuyan lagireto na roba, yana karyewa da tsufa. A injin M50 da M52, notin da ke riƙe da haƙorin famfon baƙin mai yana iya kwancewa idan ana yawan kai allura ƙarshe. A sauke kaskon mai a ɗaure shi da waya ko a ɗiga masa walda, in ba haka ba matsin mai zai ɓace injin ya buga. Zubar da tsohon man birki. Sabon DOT 4 yana jure digiri 230, amma idan ya sha danshi sai ya koma wajen 155, ya tafasa, ka taka feda ta tafi ƙasa. Masu wasan zamiya suna walde difaranshal, wato giyar da ke raba ƙarfi ga tayoyin baya, don su juya tare. Nuna yadda ake yi, amma ka faɗa a fili cewa motar da aka yi wa haka ba ta dace da titi ba, musamman da damina. Corolla kuma gaba take ja, kada ka wahalar da ita da zamiya, bar ta a robobi.

Ranar ɗauka: hular kwano, bel, abin kashe gobara na kilo 2 a ɗaure inda hannu ke kaiwa, batir a ɗaure, ba komai a but. Mai ɗauka ya tsaya ta cikin kwana, bayan wani abu mai ƙarfi. Motar da ta ƙwace ta wajen kwana take tafiya. Wurin da ke da haɗari a kafa kyamara a bar ta ita kaɗai.

Baba Na Kakuri ya amsa:

Yaro, kada ka manta da tarihi, akwai shi a ƙofar gidanka. Kamfanin PAN ya fara harhaɗa Fijo a Kaduna a 1975, kuma tsofaffin ma'aikatansa da direbobin 504 na tasha suna raye. Zauna da su da shayi ka bar su su yi magana. Matasa da yawa ba su san cewa 504 ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975 da 1978 ba. Gasar Paris zuwa Dakar da aka fara a ƙarshen 1978 ta sha ratsa Nijar, ta Agadez da hamadar Tenere, kafin a mayar da ita Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya a 2020. 'Yan'uwanmu na Nijar za su kalli wannan da zuciya ɗaya. Bikin kamun kifi na Argungu ma an sha haɗa shi da tseren motoci. Sai dai kada ka saci hotunan wasu. Taswira, da tsohuwar 504 a gabanka, da muryar dattijo sun isa.

Ɗan Zoo Road ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri. Tambaya ta ƙarshe: tsawon nawa, kuma yaushe ake fara samun kuɗi?

Mai Kyamara ya amsa:

Babban bidiyo ɗaya a mako, minti 8 zuwa 12, sai ka yanko gajeru uku daga cikinsa don TikTok. Fara da sakamakon, misali tamostat yana buɗewa a tukunya, bayani ya biyo baya. Doguwar gaisuwa tana korar mutane. Kuɗin talla a YouTube sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ko mabiyan 1,000 da kallo miliyan 10 na gajeru cikin kwana 90. Kafin nan masu sayar da kayan gyara da baƙin mai ne za su fara nemanka. Idan sun biya, ka faɗa a bidiyon cewa talla ce, kuma ka gindaya musu sharaɗi tun farko cewa abin da geji ya nuna shi za ka saka.