Dan Allah a taimaka min da wannan lissafin riba

Salam 'yan uwa, ɗan aji ɗaya ne ni a sashen tattalin arziki nan Gombe, tun bayan isha'i nake kan tambaya ɗaya wallahi kaina ya ɗau zafi. An ba mu jimillar kuɗin shiga TR = 120Q − 2Q², jimillar kuɗin da aka kashe TC = Q² + 30Q + 200, a nemo Q, wato yawan kaya, da zai ba da riba mafi yawa. Na cire TC daga TR, na yi difarenshiyeshan na samu 150 − 6Q, na daidaita da sifili sai 25 ta fito, amma malam ya ce 15 ce, takarda uku na cika ina maimaitawa 25 ɗin dai take dawowa. A ina na kauce? Jibi muke da tes, bana son kariyoba.