Wai me ya kawo rigimar jinsi cikin wasan ces?

Dan_Fagge:
Salam 'yan uwa. Don Allah masu bin darar Turawa, wato ces, ku fahimtar da ni, na ga ana ta cacar baki kan FIDE, hukumar ces ta duniya, ta hana mazan da suka sauya jinsi suka koma mata shiga gasar mata. To ni abin da ya ɗaure min kai, dambe ne? Gudu ne? Mutum yana zaune a kujera yana tura doki da sarki, ina ruwan ƙarfin jiki a nan, kai ni fa ban ma san ana ware mata a ces ba sai yau.

Ummu_Hanan:
Wslm. A watan Agusta 2023 suka fitar da dokar, suka ce za su ɗauki har shekara 2 suna nazari, kafin nan wanda ya sauya daga namiji zuwa mace ba zai buga gasar mata ta FIDE ba. Amma fa malam babu wani abu wai shi gasar maza a ces, akwai ta kowa da kowa, akwai ta mata zalla, kuma ta kowa ɗin ba a hana su ba. An ware ta mata ne saboda ƙarancinsu, kusan ɗaya cikin goma ne na 'yan wasan da ke da rajista. Ka duba kuɗin ma, gasar duniya ta 2023 da Ding Liren ya ci Yuro miliyan 2 aka saka, ta mata da Ju Wenjun ta ci Yuro dubu 500, to ɗan wannan da aka ware mana shi ne ake jayayya a kai.

Sadiq_e4:
Hajiya ni gsky inda na fi ganin rikici wajen kambu ne. GM, wato babban kambun gwanayen ces, sai ka kai makin ƙwarewa 2500, WGM na mata kuwa 2300, tazarar 200 ba wasa ba ce, tambayi duk wanda ya taɓa fafutukar ƙara ko da 50. Sannan dokar ta ce macen da ta koma namiji an soke mata kambunta na mata. Su kuma hukumomin ces na Jamus da Faransa da Ingila da Amurka suka ce ba da su ba, a gasarsu ta cikin gida ba za su hana kowa ba, shi ya sa Yosha Iglesias, da ta sauya jinsi daga namiji zuwa mace, ta ci gaba da bugawa da mata a Faransa har ta ɗauki kofin ƙasar a 2025.

Dan_Fagge:
Toh kenan ana nufin maza sun fi mata ƙwaƙwalwa?

Ummu_Hanan:
Haba malam, a kiyaye dai 😅 Judit Polgar ta kai maki 2735, ta zama ta 8 a duniya har da maza a 2005, ta doke tsohon zakaran duniya Kasparov a 2002, kuma ita ƙin buga gasar duniya ta mata ma ta yi. Idan yara maza tara ake kaiwa kulob mace ɗaya, wa kake tsammanin gani a sama? Wannan hujjar ce ma masu adawa da dokar suke riƙewa, su ce tunda ba halitta ba ce me ya sa za a hana. Ni dai ra'ayina a bar wa mata rukuninsu, sauran ga filin kowa nan a buɗe.

Sadiq_e4:
Kun tuna ɗalibin nan na Nairobi da ya zumbula niƙabi ya shiga rukunin mata a gasar Kenya a 2023? Shi ba sauya jinsi ya yi ba, talauci ya ce ya sa shi, takalminsa da ƙin yin magana suka tona masa asiri 😂